GARGAƊI GA MAI BA DA SITIYARI DA MAI KARƁARSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa, tun daga jaki da raƙumi har zuwa ƙarfe mai gudu da wuta, ya kuma sanya ran mutum ya zama abin tsarewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan takarda ce a kan wani al'amari da mutane suka mayar ƙarami alhali kuwa babba ne, shi ne ɗaukar direban bas mai jigilar jama'a a cikin gari da kewayensa, da kama aikin wanda aka ɗauka. Na rubuta ta domin jama'a biyu. Na farko attajirai da 'yan kasuwa waɗanda Allah ya ba ikon sayen mota, da ma'aikatan hukuma waɗanda aka wakilta su ɗauki direbobi. Na biyu almajirai da gardawa waɗanda suke barin allo su nufi tasha neman abin kai. Kuma raddi ce ga masu cewa tuƙi ba ya bukatar kome sai ƙarfin hali, da masu cewa haɗari ƙaddara ce tsantsa wadda babu hannun kowa a cikinta. Allah nake roƙo ya sa ta amfani wanda ya karanta da wanda aka karanta wa.

FASALI NA FARKO, a kan abin da ya jawo maganar

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, ranar 27 ga Agusta 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka yanke Jigawa daga jihar Kano, aka sanya Dutse ta zama babban birninta. Kafin wannan rana mutumin Garu yana iya zagaya garin da ƙafa bai gaji ba. Bayanta sai ma'aikata suka zo, aka gina sakatariya, unguwanni suka miƙe, Takur da Gida Dubu da Ɗanmasara da Yalwawa suka cika, a 2011 kuma aka kafa jami'ar tarayya, ɗalibai suka zo daga kowace nahiya. Wanda yake kwana Kiyawa ko Sakwaya ko Kudai ya zama yana wuni Dutse. Mai kayan gwari yana sammakon Shuwarin, mai dabba yana nufin Maigatari ranar Alhamis, mai jinya yana neman Birnin Kudu. Duk waɗannan ba su da doki, ba su da mota tasu. Ransu yana hannun wani mutum da ba su san sunansa ba, wanda yake zaune gaba yana riƙe da sitiyari.

Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Mai ƙaramar mota ya jingine ta, mai hawa acaɓa shi kaɗai ya koma neman abin hawan da za a raba kuɗinsa tsakanin mutane da yawa. Da bukatar bas ta ƙaru, sai bukatar direba ta ƙaru, da bukatar direba ta ƙaru, sai ƙofar ɓarna ta buɗe. Domin mota ana sayenta rana ɗaya, amma direba ba a yin sa rana ɗaya.

FASALI NA BIYU, a kan sharuɗɗa biyu na wanda ake ɗauka aiki

Kowane almajiri da ya kai Suratul Ƙasasi ya karanta labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya isa Madayana ya shayar wa 'yan mata biyu dabbobinsu. Ɗayarsu ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da siffa biyu da ta gani gare shi, ƙarfi da amana. Malamai suka ɗauki waɗannan siffofi biyu suka mai da su ma'aunin kowane aiki da kowace wakilci. Ku lura, aikin da ake magana a kansa kiwon tumaki ne. To, idan ba a miƙa sandar kiwon tumaki sai ga mai ƙarfi amintacce, ina ga wanda za a miƙa wa 'ya'yan mutane goma sha takwas a rufe su cikin akwatin ƙarfe, ya gudu da su?

Ƙarfi a wannan sana'a ba ƙwanji ba ne. Ƙarfin direba shi ne idonsa ya gani sarai dare da rana, kunnensa ya ji, ƙafarsa ta san birki kafin zuciyarsa ta gama razana, ya san dokar hanya, ya san ƙarar injinsa idan ta canja. Amanarsa kuwa ita ce ba ya shan abin da zai gusar da hankali, ba ya cin kuɗin mai mota, ba ya zaluntar fasinja, kuma idan ya ga motar ba ta da lafiya zai faɗa ko da faɗar za ta hana shi abincin wannan rana.

Amma dubi yadda ake yi yanzu. Alhaji ya sayi bas, tun ba ta iso ba an cika masa zaure. Wannan ya kawo ɗan ƙanwar matarsa, wancan ya kawo yaron da ya gagari gida don a rage masa zaman banza, wani ya zo da takarda daga babban mutum. Idan motar hukuma ce kuwa, sai a raba kujerun direbobi kamar yadda ake raba buhunan taki, wannan na mazaɓar wane, wannan na yaron wane. Ba a tambayi shekara nawa ya yi yana tuƙi ba, ba a fita da shi kan titi an gani ba, ba a je tasha an tambayi halinsa ba. Attajirin da ba zai sayi buhun gero ba sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar, ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, shi ne yake miƙa makullin mota ga wanda bai taɓa ganin tuƙinsa ba.

Idan ka ce, ai sada zumunta ne, kuma taimakon ɗan'uwa lada ne, sai mu ce maka: gaskiya ne, amma zumunta da dukiyarka ake sada ta, ba da jinin mutane ba. Ba shi jari ya kasa kaya, biya masa kuɗin koyon tuƙin har ya ƙware, ɗauke shi yaron mota ya bi gwani shekara biyu ko uku. Wannan shi ne taimako. Amma ka ɗora shi kan abin da bai iya ba, ka cuce shi, ka cuci waɗanda zai ɗauka, ka cuci kanka. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya jingina al'amari ga wanda ba ahalinsa ba cikin tozarta amana, kuma cikin alamomin kusantowar Alƙiyama. Mutane suna jin wannan sai su ɗaga kai su dubi sarakuna da gwamnoni, ba su dubi makullin da ke cikin aljihunsu ba.

FASALI NA UKU, a kan lasin da aka saya

Hukuma ta shimfiɗa hanyar samun lasin tuƙi. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa. Ƙa'ida ita ce mutum ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, jami'an duba motoci su jarraba shi a kan titi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sa'an nan a ba shi. Mai son tuƙa motar haya kuwa ana tsananta masa fiye da haka, a nemi shaidar likita a kan lafiyarsa da ganinsa, domin lasin aji-aji ne, na mai babur daban, na mai ƙaramar mota daban, na mai ɗaukar jama'a daban. Wannan tsari bai saɓa wa shari'a ba ko kaɗan. Hasali ma shi ne binciken ƙarfin nan da muka ambata, kuma biyayya ga shugabanni a cikin abin da yake tsare rayuka wajibi ce.

To, sai ga wanda ya tsallake duk wannan, ya ba wani dillali kuɗi, bayan kwanaki aka kawo masa kati har gida. Ku sani wannan kati shaidar zur ce da aka buga da inji. Abin da yake faɗa shi ne, mun jarraba wane mun same shi ya iya, alhali ba a jarraba shi ba. Wanda ya sa hannu ya yi shaidar zur kuma ya ci rashawa, wanda ya biya ya ba da rashawa, dillalin da ya shiga tsakani ya yi tarayya da su. Kada wani ya canja mata suna ya ce goro ne ko na shan ruwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa abin da ake kai wa masu mulki da sunan gaisuwa cikin ayyukan zaluncin da ya yi inkari, sunan mai daɗi bai hana shi kiran abin da sunansa ba. Alkalin da ya ci hanci yakan zalunci mutum ɗaya a shari'a ɗaya. Amma jami'in da ya sayar da lasi ya saki zalunci mai ƙafa huɗu, yana yawo a titi shekara da shekaru, bai san inda zai faɗa ba.

Kai kuma gardi, wanda ka san cewa ba a ba ka izinin karantar da Alƙur'ani sai ka biya wa malami ya saurara, ya gyara maka madda da gunna, me ya sa ka yarda a ba ka izinin tuƙi ba tare da kowa ya saurare ka ba? Kuskuren karatu ana gyara shi a wanke allo a sake. Kuskuren sitiyari ba a wanke shi sai da ruwan wankan gawa.

FASALI NA HUƊU, raddi ga masu fakewa da ƙaddara

Wannan ita ce shubuha mafi girma, kuma ita ce bargon da kowane mai sakaci yake lulluɓa da shi. Mota ta kife, mutane sun mutu, aka taru wurin ta'aziyya, sai a ce kwana ne ya ƙare. Wanda ya tambayi yadda tayar take sai a harare shi a ce imaninsa da rauni.

Mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, kuma babu ran da zai mutu sai ajalinsa ya yi. Amma ƙaddara abar rarrashin wanda aka yi wa rashi ce, ba hujjar wanda ya yi laifi ba. Da ƙaddara tana kankare laifi, da Allah bai wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure cikin Suratun Nisa'i ba, alhali shi ma wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham da jama'a, ya sami labarin annoba ta ɓarke can, ya shawarci sahabbai, ya juya da su. Da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Dabaibayin mota shi ne birkinta. Wanda ya fita ba birki ya ce ya dogara ga Allah, ya saki raƙumi ne ya kira sakacinsa tawakkali.

Kuma malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure na ƙasar nan, an hukunta cewa wanda ya hau dabba, da mai janta, da mai korarta, suna lamuncewa abin da ta taka. Dabba kuwa tana da rai, tana iya bauɗewa da kanta. Ina ga mota wadda ba ta motsi sai an taka ta, ba ta juyawa sai an juya ta?

Allah ya sanya wa gudu sunna wadda ba ta canjawa don kowa. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku, ko ya sunkuya yana duba wayarsa, ya yi tafiyar kusan mita 42 babu mai tuƙi. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Saboda wannan dokar hanya ta kayyade wa bas kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, kuma tun farkon 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙirga fiye da mutum 5,000 da suka mutu a hanyoyin Nijeriya a shekarar 2024 kaɗai. Ranar 31 ga Mayu 2025 bas ɗin da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga jihar Ogun ta faɗa daga gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, fiye da 20 suka rasu, saura kaɗan su iso gida, kuma hukumar ta ambaci gajiyar tafiyar dare da gudu cikin abin da take tuhuma. Allah ya jiƙansu. Waɗannan ba labaran wata duniya ba ne.

Haka nan masu rataya laya a madubi, ko su binne wani abu ƙarƙashin kujera, su ce ko mota ta kife su za su ɓace. Mu ƙaddara ma abin gaskiya ne, to fasinjan fa? Mutumin da ya yi wa kansa tanadin kuɓuta ya bar mutanen da ya ɗauka, ya riga ya shaida wa kansa cewa ba amintacce ba ne. Addu'ar hawa abin hawa sunna ce, a yi ta. Rubuta sunan Allah a goshin mota kuma ba ya mai da tsohuwar taya sabuwa. Mafi muni daga nan shi ne mai haɗiyar ƙwaya irin su tiramol don ya kore barci. Barcin bai tafi ba, ɓuya ya yi, kuma zai fito a inda ba a so. Abin da yake gusar da hankali haramun ne ga mai zaune a ɗaka, balle ga mai riƙe da rayuka.

FASALI NA BIYAR, a kan haƙƙin direba a wuyan mai mota

Kada attajirai su ji abin da ya gabata su ce laifin duk na direbobi ne. Da yawa daga gudun da ake gani a titi a zauren mai mota aka ƙulla shi. Ana yanka wa direba balas, wato abin da zai kawo kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Daga abin da ya saura zai sha mai, ya biya kuɗin ƙungiya a tasha, ya sallami ɗan kamasho, ya ba kwandasta, ya miƙa a shingen hanya, sa'an nan in wani abu ya rage ya kai gida. Idan balas ya yi nauyi, hanya uku ce gare shi: ya ƙara gudu don ya ƙara sawu, ko ya cusa mutum huɗu a kujerar uku, ko ya hana idonsa barci. Duk ukun ƙofofin kabari ne. Kai da ka yanka balas ɗin kana kan buzunka kana jan carbi, amma ƙafarka tana kan totur tare da tasa.

Shari'a ta sharɗanta wa ijara cewa lada ya zama sananne, aiki ya zama sananne. Har malaman Malikiyya suka ɓata ƙullin da mai dabba zai ce wa wani ya je ya yi aiki da ita su raba abin da aka samu, saboda jahiltar ladan. To, ku je wurin malaman fiƙihu na garinku su duba muku irin ƙullin da kuke yi. Mafi kuɓuta shi ne a yanka wa direba albashi sananne, a faɗi sa'o'in aikinsa, a ba shi ranar hutu, a rubuta, a kafa shaidu biyu. Hukuma ta sanya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Wanda yake ɗauke da rayuka bai kamata ya zama ƙasa da mai ɗaukar fayil ba. Kuma an yi umarni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Ku sani kuma wanda aka ɗauka aiki amintacce ne a hukuncin shari'a, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Saboda haka mai motar da ya sayo tsohuwar taya 'yar gwanjo, ta fashe, ya yanke kuɗinta daga haƙƙin direba, ya ci haram sau biyu. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Wanda ya iya lissafin ribar buhu ɗari ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Idan direbanka ya ce maka birki ya yi sanyi, ka ce ya lallaɓa zuwa mako mai zuwa, to ka sani an rubuta wannan kalma.

FASALI NA SHIDA, wasiyya ga wanda ya kama aiki

Ya kai ɗan'uwa da aka miƙa wa makulli, kafin ka yi murna zauna ka yi wannan lissafi. Diyyar namiji Musulmi a kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, dangi na wajen uba suke ɗaukarta. Kaffara kuwa a wuyanka take kai kaɗai, kuma tun da babu bawan da za a 'yanta, azumin wata biyu ne a jere saboda kowane rai. Idan sakacinka ya halaka maza goma sha takwas, raƙuma 1,800 ke nan, da azumin wata 36, wato shekara uku. Wannan shi ne nauyin abin da aka sa maka a tafin hannu. Wanda ya san haka ba zai yi tsere da abokinsa don fasinja ɗaya ba.

Idan ka san ba ka ƙware ba, faɗa tun yau. Kunyar rana ɗaya ta fi nadamar har abada. Kada ka raina zama yaron mota, domin mafi yawan gwanayen da kake gani daga wanke gilashi da ɗaure kaya suka fara, kamar yadda alaramma ya fara daga babbaƙu.

Kowace safiya bayan ka yi sallar Asuba, zagaya motarka kafin ka tayar da ita. Duba ruwa, da baƙin mai, da man birki, da iskar taya, da fitilu, da madubai. Taka birki tun kana cikin tasha. Koyi hanyarka kamar yadda ka koyi izufinka: ina makarantar da yara suke tsallakawa, ina mashigar shanu, ina kwanar da ba a ganin mai zuwa, wace rana Shuwarin take cika har kaya su sauko kan kwalta. Lokacin hunturu idan hazo ya sauka, da damina idan kwalta ta jiƙe, rage gudu ko da fasinja sun yi gunaguni. Kada ka tashi sai tsoho ya zauna, kada ka ja sai mai goyo ta sauke ƙafarta ta biyu. Kada ka tsaya tsakiyar titi ɗaukar mutum, domin hanya tana da haƙƙi. Ka tsare wa mata mutuncinsu a wurin zama, ka tsare harshenka da na kwandastanka daga ashar. Canjin fasinja, ko naira goma ce, bashi ne. Abin da aka manta a mota tsintuwa ce, hukuncinta cigiya har shekara, ba rabon direba ba ne.

Kuma kada Shaiɗan ya ce maka kai matafiyi ne. Nisan ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ne. Mai kai da kawowa tsakanin Garu da sakatariya, ko Dutse da Kiyawa, mazaunin gida ne ko da ya wuni yana gudu, salla cikakkiya ce a kansa cikin lokacinta. Sawu ɗaya da ka rasa saboda salla ba shi ne zai talauta ka ba. Idan barci ya zo, faka ka kwanta. Idan mai mota ya tilasta ka fita da mota marar lafiya, ajiye masa makullinsa, wanda ya ciyar da kai kana tsangaya ba ka da sisi bai manta da kai ba.

FASALI NA BAKWAI, a kan masu raina sana'ar da masu shiga motar

Akwai kuma waɗanda suke ganin tuƙi aikin 'yan tasha ne, ɗan malam bai kamata ya kusance shi ba, har su hana direba auren 'yarsu don sana'arsa kawai. Waɗannan su ma sun kuskure, kuma suna cikin masu ɓata sana'ar, domin idan mutanen kirki suka guje wa abu, wa zai rage a cikinsa? Jigilar jama'a farilla ce ta kifaya kamar noma da saƙa da ƙira. Direban da ya kai mai naƙuda asibiti lafiya, ya kai ɗalibi makaranta, ya kai mai tallan nono kasuwa ya komo da ita, yana cikin ibada in ya kyautata niyya. Muna son ranar da za a ce, wannan direba mahaddaci ne, shiga motarsa ka yi barci.

Ku kuma fasinja, ku ji tsoron Allah. Ku ne kuke cewa direba ya taka kada kasuwa ta watse, ku ne kuke yi wa mai tafiya a hankali ba'a ku ce tsoho ne. Ku ne kuke ganin an cusa na biyar a kujerar huɗu ku yi shiru, sa'an nan in abu ya faru ku ce ƙaddara. Hana mummuna da harshe wajibi ne a cikin mota kamar yadda yake wajibi a cikin masallaci. Ku yi magana da ladabi, in an ƙi ji ku sauka.

KAMMALAWA

Abin da muke kira gare shi a taƙaice: mai ɗauka ya jarraba kafin ya ɗauka, jami'i ya gwada kafin ya sa hannu, mai mota ya sassauta balas ya gyara motarsa, direba ya san nauyin da ke wuyansa, shugabannin tasha su hana lodi ga wanda suka san yana shaye-shaye, malamai kuma su karantar da babin lamuni da babin ijara da misalin mota, kada su tsaya ga raƙumi kaɗai. Wanda ya ji wannan ya yi aiki da shi, kansa ya yi wa. Wanda ya ƙi, to akwai ranar da za a tsayar da mai makulli da mai sitiyari da mai sa hannu a sahu ɗaya, waɗanda aka kwasa a bakin titi kuma suna tambayar dalili, a ranar babu takardar babban mutum.

Allah ya tsare mu da tafiyar da babu komowa sai da shiri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu a kan hanyoyi, ya ba marayunsu mai kula da su. Allah ya ba 'ya'yanmu sana'a ta halal, ya sa su riƙe ta da amana. Wanda ya kwafi wannan takarda ya kwafe ta cikakkiya, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman a tasha. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.